Dillali Da La'adarsa: Mutumin Wa Ne Shi A Cinikin Gida?

Maganar da muka kawo a wannan fili yau ta taso ne daga wani zaman sulhu da aka kira mu bayan sujada, a wata ikkilisiya da ke kudancin garin Kaduna. Ba za mu kama suna ba, domin waɗanda abin ya shafa duka suna nan, kuma har yanzu a majami'a ɗaya suke sujada.

Wani tsohon malamin makaranta ne ya karɓi garatutinsa bayan doguwar jira, ya haɗa da kuɗin gonar da ya sayar a ƙauye, ya ce shi kam ya gaji da zaman haya. Ya nemi wani ɗan'uwa a cikin ikkilisiya wanda kowa ya sani da dillancin filaye da gidaje, ya damƙa masa amana. Cikin mako uku aka samo gida mai ɗaki uku da falo, aka ce mai shi ya koma Abuja da zama, kuma Naira miliyan 12 yake nema, ba ragi. Malam ya zuba kuɗin a asusun dillalin, ya ƙara masa Naira 600,000 na la'ada, wato kashi 5 cikin ɗari, har ya tashi ya ba da shaidar godiya a gaban jama'a ranar Lahadi. Bayan wata huɗu sai Allah ya haɗa shi da tsohon mai gidan a wurin wata jana'iza. Gaisuwa ta jawo hira, hira ta jawo maganar gida, sai ga mutumin yana cewa shi a kan miliyan 10 ya sallama, a ciki ma an cire masa Naira 500,000 na la'ada. Wato abin da ya fita daga hannun Malam miliyan 12 ne da dubu 600, abin da ya isa hannun mai gida kuwa miliyan 9 da rabi. Miliyan 3 da dubu 100 sun maƙale a hanya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na dukan abin da ya biya.

Da aka kira dillalin bai yi musu ba, kuma abin da ya faɗa ya kamata a saurara, domin shi ne abin da yawancin masu wannan sana'a za su faɗa. Ya ce mai gida miliyan 10 ya ce a kawo masa, an kuwa kai masa. Malam ya ga gida da idonsa, ya zaga shi ciki da waje, ya yarda da farashi, ba wanda ya tilasta masa. Ya ce kuma kuɗin ba shi kaɗai ya ci ba, su huɗu ne a layi: wanda ya san mai gidan, da wanda ya san wannan, da wanda ke riƙe da mabuɗi, sa'an nan shi. Daga ƙarshe ya yi tambayar da ta sa ɗakin ya yi tsit. Ya ce a cikin dattawan da ke zaune, wa ya taɓa sayar da buhun masara a kan kuɗin da ya saye shi?

Za mu komo ga wannan tambaya, amma bari mu fara duba abin da ya sa irin wannan magana ta yawaita a zaman dattawa a 'yan shekarun nan. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na wannan shekara, kuɗin siminti da rodi da kwanon rufi suka yi tashin da ya sa ƙananan ma'aikata da yawa suka tsaya da gini a linta. Masu gidajen haya su ma suka ɗaga nasu. Saboda haka duk wanda ya sami kuɗi a dunƙule, ko na garatuti ne ko na gado, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya binne su a ƙasa kafin su narke a hannunsa. Mai sauri kuwa ba ya yawan tambaya, kuma dillalai sun san haka. Shi ya sa kowane gida da za a nuna maka, za ka ji an ce akwai wani mai kuɗi da zai zo da yamma ya biya.

Dalili na biyu namu ne na musamman. Tun daga rikicin Kaduna na watan Fabrairu da na Mayu 2000, da na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin mazauna garin. Kiristoci suka yi ta komawa Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi da Gonin Gora da Kamazou, Musulmi kuma suka yi ta komawa arewacin gari. Haka Jos ta rabu bayan 2001 da 2008 da 2010. A kan wannan sai ga waɗanda Boko Haram ta koro daga Borno da Yobe da Adamawa, da waɗanda hare-hare suka tasa daga ƙauyukansu. To, mai neman gida a cikinmu ba dukan gari yake dubawa ba, 'yan unguwanni kaɗan ne yake ganin zai iya kwana da ido biyu a rufe, kuma kowa can yake nema. Wannan ya ɗaga farashi. Ya kuma koya mana wata ɗabi'a, wato zaɓen dillali da addininsa. Da an ce "namu ne" shi ke nan, an gama bincike. A nan dole mu faɗi gaskiya ko da tana da ɗaci: a kwanakin gudun nan an sayi gidajen masu tserewa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba ɓangare ɗaya ne ya yi wa ɗaya ba. Akwai Kiristan da ya ci gidan maƙwabcinsa Musulmi da araha, kamar yadda aka ci na Kirista a wancan ƙetaren, kuma dillalan da suka haɗa cinikin ba su tambayi kowa inda yake sujada ba kafin su yanki nasu.

Kada wani ya ɗauka muna cewa dillanci zunubi ne. Sana'a ce tsohuwa mai mutunci a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san aikin dillalin shanu: ya san mai dabba, ya tsaya shaida cewa ba ta sata ba ce, ya sasanta tayi da sallama, ya karɓi la'adar da kowa a kasuwar ya san adadinta. In ya yi ha'inci akwai sarkin kasuwa, akwai kuma rumfarsa da za a same shi a cikinta ran kasuwa mai zuwa. Dillalin gida na kirki shi ma yana aikin da ya cancanci lada. Ya san layin da ruwa ke ci da damina, ya san gidan da magada ke rigima a kansa, ya san inda rijiya ke ƙafewa a watan Maris, kuma yana ƙona mai da takalmi kafin ciniki ɗaya ya faɗa. Abin da ya sauya shi ne yanzu ba rumfa, ba sarki. Duk mai wayar salula da hotunan gidaje a WhatsApp ko Facebook ya zama dillali, kuma gida ɗaya sai ka same shi a hannun 'yan kayi-nayi biyar, kowa da farashinsa, ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin mai gidan.

To, mu koma ga buhun masara. Wanda ya sayi masara da kuɗinsa ya ajiye, ya ɗauki kasadar faɗuwar farashi da ɓarnar ƙwari, in ya sayar da riba halaliyarsa ce. Da ɗan'uwan nan ya sayi gidan da kuɗinsa a miliyan 10, ya zama nasa, sa'an nan ya ce wa Malam ga gidana miliyan 12, da ba mu da ta cewa. Amma bai sa ko kwabo ba. Ya karɓi la'ada daga hannun Malam ne a matsayin wakilinsa, wato wanda aka aika ya nemo masa gida a kan farashi mafi sauƙi. Ɗan aike kuwa ba ya cin riba a kan wanda ya aike shi. In ka ba yaro kuɗi ya sayo maka gishiri, ya dawo ya faɗa maka farashin da ba shi ne ba, ba ka kiran wannan kasuwanci. Dokar wakilci da kotunanmu ke aiki da ita ma haka ta tsaya: ribar da wakili ya ci a ɓoye a cikin aikin da aka ba shi, ta wanda ya wakilta shi ce, kuma ana iya neman ya mayar. Mutum yana iya zama ɗan kasuwa, yana iya zama wakili, amma a ciniki ɗaya ba zai zama duka biyu ba tare da sanin wanda yake hulɗa da shi ba.

Ko da an cire maganar ɗori a kan farashi, akwai wani abu a tsarin la'adar kansa da ya kamata mai saye ya gane. Abin da aka saba ji a garuruwanmu shi ne kashi 5 cikin ɗari a cinikin gida ko fili, kashi 10 kuma a haya. Wannan al'ada ce, kuma ana cinikinta kamar yadda ake cinikin komai. Amma ku lura, tunda la'adar kaso ce daga farashi, duk Nairar da dillali ya rage maka, ya rage wa kansa ne. In gida ya tashi a miliyan 12 yana da 600,000, in ya yi maka ƙoƙari ya sauko da shi miliyan 10 sai ya koma 500,000. Wato kana biyan mutum ne domin ya yi abin da zai rage masa abinci. In kuma yana karɓa daga hannun mai sayarwa, to, iyayengiji biyu ke gare shi, ɗaya na son farashi ya hau, ɗaya na son ya sauka, shi kuwa abin da yake so kawai a sa hannu yau. Kuma kada a raina kuɗin. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 Naira 70,000 ne, don haka la'adar 600,000 ta haura albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci. Shawararmu ita ce a yanke la'ada a kan adadi tsayayye tun kafin a fara yawo, a ce kaza zan ba ka ko gidan ya tashi a nawa, in ma ana so a yi masa alkawarin tukuici idan ya samo ragi. Ta haka cikinsa da naka sun fuskanci wuri ɗaya.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, inda aka daɗe mai sayarwa ne ke biyan la'adar kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari a raba tsakanin dillalinsa da na mai saye, wasu masu gidaje sun kai ƙungiyar dillalan ƙasar ƙara cewa tsarin yana hana la'ada sauka. A ƙarshen Oktoba 2023 wata kotu a jihar Missouri ta ba su gaskiya, aka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris 2024 ƙungiyar ta yarda ta biya dala miliyan 418 a yi sulhu, kuma daga watan Agusta na wannan shekara ya zama tilas dillalan ƙungiyar su rubuta yarjejeniya da mai saye, a faɗi abin da za a biya su, kafin su kai shi ganin gida. Ƙasar da take da lasisi da rajista da kotuna masu aiki ke nan, amma maganin da suka ƙare a kansa takarda ce guda wadda kowannenmu zai iya rubutawa da biro a kan benci.

A nan gida akwai masu wannan aiki da doka ta sani. Ƙwararrun masu ƙiyasta darajar filaye da gidaje suna da ƙungiyarsu, NIESV, tun 1969, kuma dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar ESVARBON da ke yi musu rajista, tana kuma iya hukunta wanda ya saɓa. Jihar Legas ta yi doka a 2022 wadda ta wajabta wa dillalai yin rajista da hukumarta ta LASRERA. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ita ma ta sa dillalan gidaje cikin waɗanda za su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. Amma mu faɗi gaskiya, gwauruwar da ke neman ɗaki biyu a bayan Mararrabar Rido da wuya ta haɗu da mai irin waɗannan takardu. Wanda za ta haɗu da shi ɗan unguwa ne a kan babur. Saboda haka awon da ya rage mata na ido ne da na kunne. A ina gidansa yake, kuma shekara nawa ya yi a wurin? Su wa ya taɓa saya wa gida, kuma za a iya zuwa a gaishe su ba tare da shi ba? In yana da ofis da rajistar kamfani, madalla, amma rajistar kamfani shaida ce cewa sunan yana nan, ba shaidar hali ba ce.

Awon da ya fi duka, a ganinmu, shi ne a ce masa: haɗa ni da mai gidan, ido da ido. Dillalin gaskiya ba ya tsoron wannan, muddin an rubuta masa la'adarsa. Wanda ya fara kawo dalilai, mai gida ya yi tafiya, mai gida ba ya son a san yana sayarwa, mai gida ya ce komai a yi da ni, to, ruwa ba ya tsami banza. Ko mai gidan yana Ingila ne, akwai waya mai hoto, akwai kuma takardar wakilci da lauya zai iya dubawa. Ba a cinikin biri a sama. Malaminmu da ya ji muryar mai gidan na minti biyu kawai, ya tambaye shi nawa ka sallama, da duk wannan zama bai taso ba.

Sai dai kuma adalci ya sa mu juyo kan masu saye, domin su ma suna da nasu. Dalilin da ya sa dillalai da yawa ke ɓoye mai gida shi ne an sha cutarsu. Mutum zai sa a yi ta yawo da shi mako biyu, a nuna masa gida, ya ce bai yi masa ba, sa'an nan ya zagaya da dare ya sami mai gidan su gama ciniki, dillali ya tashi a tutar babu. Mun san masu bi da suka yi haka suna kuma kiransa wayo. Hana ma'aikaci hakkinsa ne, kuma Littafi Mai Tsarki bai sassauta a kansa ba. Takardar da muke cewa a rubuta tana kare kowa: ta faɗi cewa in ka sayi gidan da ya nuna maka, ko ta hannun wa, la'adarsa tana nan, ta faɗi nawa ce, ta faɗi ko yana karɓa daga ɗaya ɓangaren, ta kuma faɗi cewa in akwai wasu dillalai a layi, daga cikin wannan la'adar za su raba, ba daga aljihunka ba.

Akwai kuma aikin da ba na dillali ba ne ko da waliyyi ne, a nan ne kuma asarar da ta fi ta Malam take faruwa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa kuma Tsarin Mulki na 1999 ya tsare, ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saya ba ƙasar ba ce, izinin zama ne a kanta, wanda a birni galibi na shekara 99 ne. Sashe na 22 ya ce mai irin wannan izini ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa har waɗanda suka mallaki filayensu na birni tun kafin dokar, wannan sharaɗi ya hau kansu. Saboda haka ganin takardar C of O a hannun dillali bai gama magana ba. Sai an je ofishin filaye na jiha, KADGIS a Kaduna, PLAGIS a Jos, NAGIS a Nasarawa, AGIS a Abuja, an buɗe fayil an ga sunan wa ke ciki, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta soke izinin. Wannan aikin lauya ne, kuma lauyanka, wanda kai ka nemo ka biya. Lauyan da dillali ya kawo, dillali yake yi wa aiki. Haka nan safiyo ya zo ya auna ya tabbatar cewa filin da ke cikin takarda shi ne wanda ƙafarka ke kai.

Mun san yawancin gidajen da talakawanmu ke iya saya ba su da C of O. Filayen awon igiya ne, takardarsu kuwa ta mai unguwa ce ko ta dagaci. Wannan takarda tana da amfani, shaida ce cewa an yi ciniki kuma manyan wuri sun sani, amma ba ta tsayar da katafila. Waɗanda suka ga rusau ɗin unguwar Graceland a Zariya a 2021, inda gwamnatin jiha ta ce filin na kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ne, sun san abin da muke nufi. Duk yadda aka ɗauki wannan shari'a, iyalan da suka kwana a waje ba dillalan da suka sayar musu ne suka ba su masauki ba. Kafin a biya irin wannan fili a tambayi hukumar tsara birni ko yana cikin hanya, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko filin wata makaranta ko na soja. Gidan gado kuma sai an ga magada duka, ko takardar kula da dukiyar mamaci daga kotu. Rubutun nan da kuke gani da jan fenti a bangon gidaje, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, yawancinsa wani ɗan gida ne ke yi wa ɗan'uwansa shinge.

Game da biya, abu biyu. Kuɗin gida ya tafi kai tsaye asusun banki mai ɗauke da sunan da ke kan takardar gidan, kada ya bi ta asusun dillali ko da na dare ɗaya ne. Dokar 2022 da muka ambata ta ma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, don haka mai cewa a kawo a jaka yana jawo ka cikin laifi ne. La'ada kuwa a biya ta daban, da rasit, bayan an sa hannu an miƙa takardu da mabuɗi. Ɗan kuɗin mai na zuwa ganin gida ba laifi in an faɗe shi tun farko. Kafin alƙalami ne abin tsoro: kada a ba da shi sai lauya ya gama bincike, in kuwa dole ne, a rubuta cewa za a mayar idan takardu ba su fita da tsabta ba.

Wani zai ce duk wannan rashin yarda ne, kuma bai dace tsakanin 'yan'uwa ba. Mu dai da muke koyar da masu shirin baftisma mun ga akasin haka a cikin Littafi. A Farawa sura 23, da Ibrahim ya nemi wurin binne Saratu, Efron ya yi masa tayin kyauta, amma Ibrahim ya ƙi, ya auna shekel 400 na azurfa a gaban mutanen gari a ƙofar birni, aka kuma fayyace filin da kogon da itatuwan da ke ciki. A Irmiya sura 32 abin ya fi haka. Annabin yana tsare, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, mai sayarwa kuwa Hanamel ne, ɗan baffansa, kuma Ubangiji ne da kansa ya ce ya saya. Duk da haka ya auna shekel 17 a ma'auni, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, aka yi kwafi biyu, ɗaya a like ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya sa a tukunyar ƙasa domin su daɗe. In annabi bai ga rubutu da shaidu a matsayin cin fuska ga ɗan baffansa ba, ba mu ga dalilin da zai sa mu ji kunyar miƙa wa ɗan ƙungiyar mawaƙa biro ba.

Ikkilisiya ma tana da abin gyarawa. Sanarwar fili ko gidan sayarwa daga kan bagade, a tsakanin sanarwar Zumuntar Mata da ta baiko, tana sa jama'a su ɗauka ikkilisiya ta tantance shi, alhali ba wanda ya duba komai. Ma'aikacin ikkilisiya da ya shiga dillanci a cikin garkensa kuwa, ko da albashinsa bai isa ba, kuma mun san bai isa ba, ya sa mutane a inda ba za su iya taya shi ko su tuhume shi ba. Sa'an nan akwai yadda ake amfani da 1 Korantiyawa sura 6. Da zarar wanda aka cuta ya ambaci kotu sai a buɗe masa wannan sura, a ce a bar kaza cikin gashinta. Amma a wannan wuri Manzo Bulus ya tsawata wa masu cutar 'yan'uwansu, ya kuma ɗora wa ikkilisiya nauyin yanke magana da gaskiya. In dattawa za su hana mutum zuwa kotu, to, sun ɗauki alhakin karɓo masa hakkinsa.

A zaman da muka ba ku labari, dattawan sun yi ƙoƙari. Bayan zama uku ɗan'uwan ya yarda cewa bai kyauta ba da ya ɓoye farashin, ya kuma sa hannu zai mayar da kasonsa na ɗorin, Naira 800,000, a biya huɗu. Sauran ukun ba 'yan ikkilisiyar ba ne, ɗaya ma ba wanda ya san gidansa, don haka nasu ya tafi. Amma da aka ce Malam ya kawo takardunsa a duba, sai wani abu ya fito wanda ba a zo dominsa ba. Yarjejeniyar shafi uku ce, farashin miliyan 12 yana shafi na farko, sa hannun mai gida kuwa yana shafi na ƙarshe kaɗai, kuma mutumin ya ce shafin farko da aka nuna masa a Abuja miliyan 10 ke rubuce a kai. Takardar C of O tana nan da sunan tsohon mai gidan, ba a nemi amincewar gwamna ba, ba kuma wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin. Allah ya sa mutumin mai kirki ne, ya yarda zai zo Kaduna a sake rubuta takarda da farashin da ya karɓa, kowa ya sa hannu a kowane shafi, a kuma sa sunan matar Malam tare da nasa. Kashin farko na kuɗin da dillalin ya mayar, Naira 200,000, shi aka ware domin lauya da kuɗin bincike a ofishin filaye.